Faɗa-wutan da na kama sabon nau'i ne? Yadda masana ke tabbatarwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kama wani faɗa-wuta a jikin fitila da daddare, fikafikansa ruwan ƙasa da ɗigo fari biyu, faɗinsa kamar santimita 3. Na duba hotuna a intanet har na gaji, ban ga irinsa ba. Ko sabon nau'i na gano? In haka ne, yaya ake tabbatarwa har a raɗa masa suna?

Amsa: Wa alaikumus salam. Mai yiwuwa ne, ɗan'uwa, domin duk shekara ana bayyana sababbin nau'o'i, musamman ƙanana daga ƙasashe masu zafi. Sai dai rashin ganin hoto ba hujja ba ne. An riga an raɗa wa nau'in faɗa-wuta kusan 160,000 suna, kuma da yawansu ba su da hoto a intanet, suna ajiye cikin akwatunan gidajen adana halittu irin na Landan da Faris. Launi ma yana yaudara. Akwai faɗa-wutan Ingila mai suna Biston betularia, fari mai ɗige-ɗige; a 1848 aka ga baƙinsa ƙirin a Manchesta, amma nau'i ɗaya ne. Haka kuma ana samun nau'i biyu da ido ba ya iya rabewa ko kaɗan.

Fara da kare abin da ka kama. Sa shi a firiza ya kwana. Kafin komai, cire ƙafa ɗaya da ɗan hantsaki mai tsabta ka ajiye a busasshiyar ƙaramar kwalba saboda gwajin DNA, domin danshin da ake tausasa busasshen ƙwaro da shi yana lalata ƙwayar halittar. Sannan a soke shi da allurar ƙwari mara tsatsa ta tsakiyar ƙirji, a shimfiɗa fikafikai a kan allo, a danne da siririyar takarda, a bar shi mako 2 zuwa 3 ya bushe. Kada yatsa ya taɓa fiffike. Wannan garin da ke manne wa hannu shi ne zanen gaba ɗaya. Tururuwa da fumfuna su ne manyan maƙiya, don haka akwati mai rufuwa ruf a wuri busasshe. A jikin allurar a maƙala takarda mai ɗauke da wurin kamu da lambobin GPS, tsayin wurin daga matakin teku, kwanan wata, sunan mai kamu da yadda aka kama. Ƙwaron da ba shi da wannan takarda kusan ba shi da amfani ga bincike. In za ka iya, kamo wasu, maza da mata. Ga yadda ake rabe su: a yawancin dangogi, a ƙarƙashin gindin fiffiken baya namiji yana da gashi mai kauri guda ɗaya, mace kuwa biyu ko fiye.

Daga nan sai gano dangi, kuma a nan sassan jiki ake bi. Dubi inda kunnen yake, wato wata 'yar fata mai jin sautin jemage. In a ƙarshen ƙirji take, ka nufi dangogin Noctuidae da Erebidae. In a gindin ciki take, Geometridae ne ko Pyralidae da Crambidae, kuma waɗannan biyun na ƙarshe gindin bakin tsotsonsu a rufe yake da ƙananan ɓawo. Tsarin jijiyoyin fiffike yana ƙara rage zaɓi.

Aikin da ke raba gardama shi ne fiɗar al'aura. Sassan haihuwa na kowane nau'i suna da siffa tasu, kamar makulli da kwaɗonsa. Ana ɓalle cikin, a jiƙa shi a ruwan sinadarin KOH mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, ko dai ya kwana a sanyi ko a ɗumama shi na 'yan mintoci, har nama ya narke ya bar sassa masu tauri. A wanke, a share ɓawo da lallausan burushi, a rina, a buɗe sassan a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a manne a gilashi da lamba iri ɗaya da ta ƙwaron. In ya daɗe a sinadarin, sassan sukan yi laushi su koɗe. In bai ji ba, kitse ya rufe abin da ake son gani. In aka danne gilashin da ƙarfi, siffar ta karkace, mutum ya ga bambancin da babu shi. Shawarata, kada ka koyi fiɗa a kan samfurinka tilo. Nemi masanin wannan dangi.

Gwajin DNA, wanda Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar a 2003, yana karanta harufa 658 na wani sashen DNA da ake kira COI, a gwada da BOLD, wato rumbun intanet da ke tara irin wannan karatu na nau'o'in halittu. Bambancin da ya wuce kusan kashi 2 cikin 100 alama ce mai kyau, amma ita kaɗai ba ta yanke hukunci: rumbun bai cika ba, wasu sunayen ciki kuskure ne, kuma ƙwayar cuta ta Wolbachia tana iya rikita sakamako.

Mafi wahala shi ne tabbatar da cewa wani bai riga ka ba. Dokar sunayen dabbobi ta duniya, wato ICZN, tana ƙirga sunaye tun daga littafin Linnaeus na 1758, kuma sunan da ya riga shi ke da iko. Dole a karanta bayanin kowane nau'i na danginsa na kusa, a gwada da samfuransu na asali, wato ƙwarin da aka raɗa sunayen a kansu. In duk an tsallake, sai a zaɓi ƙwaro ɗaya a matsayin samfurin asali, a ajiye shi a gidan adana halittu da masu bincike za su iya zuwa, a rubuta abin da ya raba shi da danginsa na kusa, a ba shi suna mai kalma biyu da haruffan Latin, a buga a mujallar kimiyya. Tun 2012 an yarda da bugun intanet, muddin an yi masa rajista a ZooBank, wato kundin rajistar sunayen dabbobi na intanet. Kafin ka aika ƙwaro ko ƙafarsa wata ƙasa, nemi izinin hukumar ƙasarka, domin ƙasashe da yawa suna da doka a kan haka ƙarƙashin yarjejeniyar Nagoya ta 2010.