Tambayoyin Masu Karatu: Tsatsa ta kama ƙarin gardabun motata

TAMBAYA: Assalamu alaikum Maigida. Ni direba ne, ina jan Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya tsakanin Damagaram da Gure, wani lokaci har Tasker. Bara na sa manyan tayoyi saboda rairayi, sai suka leƙo waje suna watsa wa jikin mota laka da tsakuwa. Shi ya sa na sayi ƙarin gardabu, wato murfin saman taya mai tare laka, na ƙarfe, baƙaƙe, aka huda jikin motar aka ɗaura su da bulon. Damana ɗaya suka yi, yanzu jan ruwa na zubowa daga bakin kowane bulon, fentin kuma ya yi bororo a gefe. Na sa yaro ya fesa baƙin fenti, ko wata biyu ba a yi ba abin ya dawo. Wani ya ce in shafe su da baƙin mai. In cire su in jefar, ko akwai dabara?

Wani direba, unguwar Zango, Damagaram

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Kada ka jefar, amma cirewa kam sai ka cire su, don ciwon ba a inda kake kallo yake ba. Jan ruwan da kake gani a fuska daga baya yake fitowa, daga tsakanin ƙarin da jikin mota, inda hannu ba ya kai, ido ma ba ya gani.

Direbobi da yawa sukan ce mini, "Maigida, nan fa ba Kotonu ba ne, ina tsatsa za ta samo ruwa?" Gaskiya ne ruwanmu bai cika wuce milimita 400 da wani abu a shekara ba, daga Yuni zuwa Satumba. To amma ƙarfe ba ya bukatar teku kafin ya yi tsatsa. Laima da iska sun ishe shi. Taya na ɗibar taɓo ta cusa shi cikin wannan ɗan lungun, saman ya bushe da rana, cikin ya zauna a jiƙe kwana da kwanaki. Kai kuma hanyarka ta gabas ce, ƙasar kwaruruka masu kanwa da gishiri. Lakar da ta sha kanwa tana riƙe laima, gishirin kuma yana hanzarta cin ƙarfe matuƙa. In kana ɗauko buhunan kanwa ko manda a baya, ƙurarsu ma tana gangarawa can.

Sai batun hudar. Jikin motarka ya fito daga masana'anta a lulluɓe da rufi hawa-hawa. Ranar da aka sa injin huda, kowane rami ya zama zoben ɗanyen ƙarfe, kuma da wuya mai ɗaurawa ya tsaya ya shafa masa wani abu kafin ya zura bulon. Garin ƙarfen da hudar ta zubar ma yana maƙalewa a fenti ya yi jajayen ɗigo-ɗigo. Abin da ya fi damuna ke nan, domin ƙarin gardabu ana saye a sake, amma in bakin gardabun asali ya rube, sai yanka da walda.

Fentin da yaronka ya fesa bai yi laifi ba, rufa-rufa aka sa shi yi. Tsatsa tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi, shi ya sa take kumbura ta ɗaga fenti. Tana aiki ne kamar gara a cikin katako: waje lafiya lau, ciki an gama.

Ka ba motar kwana biyu ko uku a garaji. A kwance ƙarin duka huɗu, a wanke su da bakin gardabun da ruwa mai yawa, a bar su su bushe sarai. Daga nan sai gurza, da burushin waya a kan inji, sannan samfefa mai lamba 80, a bi da 180. Kada a tsaya sai ƙarfen ya yi fari yana ƙyalli, kuma a wuce iyakar bororon da kamar faɗin yatsa biyu, don tsatsa takan rarrafa ƙarƙashin fentin da ake gani lafiyayye. Ka ɗauki tsinin sukurdireba da kanka ka danna wuraren da suka yi ramuka. Inda ya lotsa ko ya ɓule, mastik, wato ƙullun da ake cike lotsawar jikin mota da shi, ba zai yi ba, sai a yanke a sa sabon ƙarfe. Mastik a kan tsatsa yana shan laima, damana mai zuwa zai ɓamɓaro gaba ɗaya. In waldar ta taɓa jikin mota, a cire kan batir, a kuma kula da bututun zuba mai da ke kusa da tayar baya.

Ƙananan ramukan da samfefa ba ta iya shiga, akwai ruwan kashe tsatsa mai asid fosforik. Za ka ga wurin ya koma baƙi-baƙi, alamar ya ci ke nan. A bi abin da aka rubuta a jikin gwangwanin, a goge, a bari ya bushe, a sa fentin farko ranar nan ba tare da an kwana ba. In an samu na efoksi mai haɗi biyu ya fi, in ba a samu ba antiruy mai zinki, wato fentin hana tsatsa, ya wadatar. Shafi biyu, gaba da baya, kuma bayan ya fi gaban bukata. Kowane ramin bulon a bi shi da ɗan ƙaramin burushi, ciki da gefe. Cikin da ke fuskantar taya kuma a ƙara masa kaurin rufin nan mai kama da roba, wanda tsakuwa ba ta fasawa.

Mu nan lokacin aikin shi ne bayan ɗaukewar ruwa, kafin ƙurar hunturu ta kankama. In hunturun ya riske ku, a yi feshin a rufe, a yayyafa ruwa a ƙasa. Kuma don Allah a ba yaron da ke gurza da feshi abin rufe hanci da tabarau. Ƙirjinsa ya fi motar daraja.

Wajen mayarwa, tsofaffin bulon su tafi. Ka nemi na inoks, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, za ka ga A2 ko A4 a kansu, kowanne da rondel, wato ɗan zobe, na roba, a ɗan taɓa zaren da giris don kada su kafe. A sa siririyar roba tsakanin ƙarin da jikin mota, saboda girgizar hanya kada ƙarfe ya riƙa gogar fenti. A ƙasan ƙarin kuma a bar ƙofa inda ruwa zai tsiyaye.

Baƙin mai ban yarda da shi ba. Yana tara ƙura, yana lalata roba, kuma duk inda ya shiga fenti ba ya sake kamawa sai da wahala. In ka dawo daga gabas, ka sa mai wankin mota ya juya tiyo cikin gardabu har sai ruwan ya fito fari.

TAMBAYA: Maigida, nawa na roba ne a kan Hilux, amma ni ma ina ganin jan ruwa. Zan iya toshe gefen da silikon?

Wani mai karatu, Tanut

AMSA: Malam, roba ba ta tsatsa, don haka ko dai sukurorin ne, ko ramukan da aka huda a jikin motar. Hanyar Agadas ba ta da laima sosai, wataƙila abin bai yi nisa ba, amma ka kwance ɗaya ka duba. Silikon kuwa, ka shinshina kafin ka saya. Mai warin binegar yana fitar da asid yayin da yake bushewa, kuma yana cin ƙarfe. Ka nemi na foliyuretan da ake liƙa jikin mota da shi, ka bi gefen sama kaɗai, ka bar ƙasan a buɗe.