Kyautar Nobel ta 2025 da amfanin kwamfutar kwantum

Tambaya: Malam, na ji an ba masana uku kyautar Nobel ta fiziks a 2025 kan binciken da ya shafi kwamfutar kwantum. Me suka gano, kuma wane aiki kwamfutar za ta yi?

Amsa: Masanan su ne John Clarke da Michel Devoret da John Martinis. A 1984 da 1985, a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta Amurka, suka harhaɗa wata 'yar da'irar lantarki: ƙarafa biyu waɗanda wuta ke bi ba turjiya idan sun yi tsananin sanyi, da siririn shamaki a tsakaninsu. Sai suka ga da'irar tana ratsa shingen makamashi da ba ta da ƙarfin tsallakawa, kuma ba ta ɗaukar makamashi sai a ƙayyadaddun matakai. Irin wannan hali, wanda ake kira halin kwantum, an fi saninsa a ƙwayar zarra. Daga baya, matakai biyu na ƙasa su aka mayar 0 da 1 na kubit, wato tubalin bayanai na kwamfutar kwantum, wanda ke iya riƙe gaurayen su biyun.

Kada ka ɗauka kwamfutar kwantum za ta gaje kwamfutar ofis. Aikinta kaɗan ne, amma mai nauyi. Wanda ya fi muhimmanci a ganina shi ne lissafin sinadarai. Masana'antar taki sai ta kai zafin digiri 400 zuwa 500 da matsi mai yawa kafin ta haɗa amoniya, sinadarin da ake yin takin da shi, alhali ƙwayoyin halittar da ke saiwar wake da gyaɗa suna yin aikin cikin ƙasa ba wuta. Har yau kwamfutocinmu ba su iya lissafa zuciyar sinadarin da ƙwayoyin ke amfani da shi daidai ba. Sai kuma tsaro: a 1994 masanin lissafi Peter Shor ya nuna cewa babbar kwamfutar kwantum za ta iya fasa irin makullin sirrin da bankuna ke dogaro da shi, shi ya sa NIST, hukumar ƙa'idojin fasaha ta Amurka, ta fitar da sababbin ƙa'idojin makullin sirri a 2024.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuskure. Ana ajiye irin wannan kubit a sanyin da ya kusa digiri 273 ƙasa da sifili, duk da haka ɗan zafi ko girgiza kan ɓata shi kafin ƙiftawar ido. Don haka ake haɗa kubit da yawa su gadi juna, a sami guda mai aminci. Na'urar Willow da Google ta fitar a 2024 kubit 105 gare ta, fasa makullin banki kuwa sai ta kai dubban ɗaruruwa.