Amsa ga mai tambaya kan zanen da aka sayar dala miliyan 86

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka tun shekaranjiya, inda ka ɗora hoton wani zane wanda babu mutum, babu dabba, babu gida ko bishiya a cikinsa, sai ja da ruwan lemo da ɗan rawaya, ka ce an sayar da shi fiye da dala miliyan 86, sannan ka tambaya ko wannan fasaha ce ta gaskiya, ko kuwa hanya ce kawai da masu kuɗi suke bi su ɓoye dukiya, tunda a ganinka ɗanka mai shekara 7 zai iya yin irinsa. Na jinkirta amsa ne domin tambayar ta cancanci a zauna mata. Na yi karatun zane a Zariya, na kuma shafe fiye da shekara 20 ina zane, ina ɗaura firam, wani lokaci ina shiga tsakanin masu zane da masu saye, don haka abin da zan faɗa rabinsa daga karatu ne, rabinsa daga abin da hannuna ya taɓa.

Zanen da ka ɗora aikin Mark Rothko ne, mai zane ɗan Amurka wanda aka haifa a 1903 a garin Dvinsk da ke Latbiya ta yau. Ya yi shi a 1961, kuma a watan Mayun 2012 aka yi gwanjonsa a gidan Christie's da ke Niyok a kan dala miliyan 86.9. Irin wannan aiki ne Turawa ke kira abstirak, ni kuwa na fi son in ce zane marar siffa, wato wanda ba ya kwaikwayon surar wani abu da ido ya sani, sai dai ya tsaya a kan launi da layi da fili. Tambayarka biyu ce a ƙulle wuri guda: ko aikin yana da daraja a matsayin fasaha, da kuma ko ya kai kuɗin da aka biya. Amsata ga ta farko ita ce ƙwarai kuwa. Ta biyun ba a jikin ƙyallen ake samun amsarta ba, kuma a nan ne zarginka yake da ƙamshin gaskiya.

Waɗanda suka fara wannan salo a Turai ba don sun kasa zana fuskar mutum suka yi shi ba. Piet Mondrian ɗan ƙasar Holan ya shafe shekaru yana zana gonaki da koguna da bishiyoyi, kuma duk wanda ya jera zane-zanen bishiyarsa daga 1908 zuwa 1912 zai ga yadda yake rage rassa da ganye sannu a hankali har abin ya koma layuka masu gitta juna, kafin daga baya ya tsaya a kan baƙaƙen layuka da ja da shuɗi da rawaya. Wassily Kandinsky ɗan Rasha, wanda ya bar fannin shari'a ya koma zane yana da shekara 30, da kiɗa ya kafa hujja: idan busa tana iya motsa zuciya ba tare da ta kwaikwayi kukan wata halitta ba, to launi ma yana iyawa. Duk wanda ya taɓa jin makiyayi yana busa sarewa da almuru ya san abin da ake nufi. Sai kuma Hilma af Klint ta ƙasar Suwidin, wadda ta fara irin wannan zane tun 1906, ta kuma bar wasiyyar kada a baje shi sai ta yi shekara 20 da rasuwa. Ta rasu a 1944 ba tare da ta ci ribar waɗannan ayyuka ba, amma da aka baje su a gidan Guggenheim na Niyok a 2018, fiye da mutum 600,000 suka je kallo. Wadda ta ɓoye aikinta har bayan ranta ba za a ce don kasuwa ta yi shi ba.

Mu kuwa bai kamata zane marar siffa ya zame mana baƙo ba, domin a cikinsa muka tashi. Babu wanda yake kallon aska takwas a ƙirjin babbar riga, ko dagi a bangon tsofaffin gidajen Zariya da Kano da Damagaram, ko zayyanar da ake yi wa allo ranar sauka, sannan ya tambaya hoton mene ne wannan. Ana duba daidaiton layi ne, da yadda launi ya zauna kusa da ɗan'uwansa, da tsabtar hannu. Ina ɗalibi na taɓa raka wani abokina wurin wani dattijo mai ɗinkin hannu a cikin birnin Zariya da riguna biyu waɗanda ni a idona duk ɗaya ne. Dattijon ya juya kowace ya dubi bayanta, ya bi zaren da babban yatsa, ya ɗaga ta ga haske, sannan ya ajiye ɗaya gefe ya ce wannan hannun koyo ne. Ba na cewa aikin rigarmu da aikin Rothko abu ɗaya ne, domin namu zubi ne da aka gada, ana kuma sa shi a jiki ko a bango, nasa kuwa ƙirƙirar mutum ɗaya ce da ake so a tsaya a kalla kawai. Amma idon da yake auna wannan shi ne yake auna wancan. Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda mahaifinsa malamin makarantar allo ne a Omdurman, ya ɗauko lanƙwasar haruffan Larabci ya shigar da ita cikin zanen zamani, har gidan Tate na Landan ya baje tarin ayyukan rayuwarsa a 2013.

Game da cewa yaro zai iya, nima haka na ɗauka kafin a gwada ni. A shekararmu ta biyu malaminmu ya ba mu launi uku da ƙyalle guda, ya hana mu zana kowace siffa, ya ce mu sa idon mai kallo ya zagaya filin duka ba tare da ya maƙale a wuri ɗaya ba. A lokacin ina cikin waɗanda suka fi iya zana fuska a ajinmu, amma kwana huɗu na yi ina fama. Duk inda launuka suka haɗu sai su rikiɗe su koma kamar laka, idan na ƙara ja a kusurwa ɗaya sai ɗayan ɓangaren ya mutu, idan na gyara can sai nan ya yi nauyi. A nan na gane cewa siffa tana rufa wa mai zane asiri, domin muddin an gane doki ne, mai kallo zai yafe kurakurai da yawa, amma idan babu doki babu abin da zai tsaya maka sai hukuncinka a kan launi. An ma yi bincike a kan wannan magana a 2011 a Kwalejin Boston, inda Angelina Hawley-Dolan da Ellen Winner suka riƙa nuna wa mutane zanen ƙwararru kusa da na yara da na dabbobi irin su biri da giwa, wani lokaci har da laƙabin ƙarya a ƙasa, kuma a mafi yawan lokuta na ƙwararrun mutane suka zaɓa, ko da yake ba kullum ba.

Akwai kuma abin da allon waya yake ɓoyewa. Zanen da ka gani kamar faɗin tafin hannu, tsayinsa ya haura mita 2 da santimita 30. Rothko yana tsinka fenti ya yi ruwa-ruwa, wani lokaci ya haɗa da ƙwai da manne, ya shafa hawa a kan hawa, ta yadda launin ƙasa yake leƙowa ta cikin na sama, gefen kowane fili kuma ba shi da iyaka mai kaifi. Na samu zarafin tsayawa a gaban ayyukansa a Tate, a wani ɗaki mai ƙarancin haske, inda aka rataye manyan ƙyallaye masu launin jini da ya bushe da baƙi. Minti biyar na farko ban ga komai ba sai duhu. Da idona ya saba, sai na ga kamar ƙofofi ne suke matsowa suna ja da baya, na kuma lura da cewa mutanen da suka shigo suna hira sun yi shiru da kansu. Gani ya kori ji. Waɗannan ayyuka an ba Rothko kwangilarsu ne a 1958 domin wani gidan cin abinci na attajirai a ginin Seagram da ke Niyok, amma da ya je ya ga wurin da irin masu zuwa cikinsa sai ya mayar da kuɗin ya riƙe aikinsa, daga baya ya ba Tate guda 9 kyauta, suka isa Landan a ranar da ya mutu a 1970.

To, batun kuɗi. Wanda ya biya dala miliyan 86.9 ba fenti da ƙyalle ya saya ba, ba kuma kyau zalla ba. Ya sayi suna ne, da ƙaranci, tunda mai aikin ya mutu kuma da yawa daga cikin manyan ayyukansa suna gidajen tarihi ba za su sake fitowa kasuwa ba, da kuma salsalar mallaka, wato takardun da suke nuna hannayen da zanen ya bi tun daga ɗakin mai shi. Idan attajirai biyu suka ɗora ido a kan abu ɗaya a daren gwanjo, farashin yana nuna zurfin aljihunsu ne. Jackson Pollock, wanda yake shimfiɗa ƙyalle a ƙasa yana ɗiga masa fenti da sanda, a 1943 dala 150 a wata Peggy Guggenheim, wata mai tara zane-zane da dillancinsu, take ba shi. Shekara 17 bayan mutuwarsa, a 1973, gwamnatin Ostireliya ta sayi zanensa guda a kan dalar ƙasarsu miliyan 1.3, jaridu suka yi ta caccakarta kamar yadda kake yi yanzu, kuma an ruwaito cewa a 2015 an yi cinikin wani aikinsa a kan kusan dala miliyan 200. Fentin bai canja ba a tsakanin waɗannan shekaru.

Hujja mafi ƙarfi a ɓangarenka ita ce abin da ya faru da Knoedler, ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen sayar da zane a Niyok, wanda aka rufe a 2011 bayan ya bayyana cewa an shafe shekaru ana sayar da zane-zanen jabu da sunan Rothko da Pollock da wasunsu. Wani mai zane ɗan asalin Sin da ke zaune a unguwar Queens ne yake yin su a gida ana biyansa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma jimillar cinikin ta kai kimanin dala miliyan 80, matar da take kawo su ta amsa laifinta a 2013. Masana da yawa sun kalla sun yaba, sai da binciken sinadarai ya gano fentin da ba a fara yi ba sai bayan mutuwar Pollock. Zanen da aka saya miliyoyi da safe ya koma ba a bakin komai ba da yamma, alhali ko ɗigo ba a goge a jikinsa ba. Zancen ɓoye dukiya ma ba ƙage ba ne. Akwai ayyuka masu tarin yawa a rumbunan ajiya na Geneva a Suwizalan waɗanda ba a rataye su ko'ina ba, kuma tun 2020 aka wajabta wa dillalan zane a Tarayyar Turai da Birtaniya su tantance mai saye idan ciniki ya kai yuro 10,000. Sai dai wannan cuta ta kasuwar zane ce baki ɗaya, tana shafar hoton sarakuna da na furanni kamar yadda take shafar marar siffa.

Abin da ba na so a yi shi ne a ɗauki ƙazantar kasuwa a shafa wa aikin, ko a ɗauki tsadar aiki a ce ita ce shaidar kyansa. Na ga ayyuka marasa siffa waɗanda babu komai a cikinsu sai gaggawa, an yi su ne domin su dace da launin kujerun falo, an kuma sayar da su da tsada. Na kuma ga aikin marigayi Gani Odutokun, wanda ya koyar a Zariya har rasuwarsa a hatsarin mota a 1995, yadda yake barin fenti mai ruwa ya gangara a kan ƙyalle yana sarrafa tafiyarsa, aikin da a wurina ya fi na wasu da yawa da ake kiran sunansu a gidajen gwanjo, ko da yake farashinsa bai kusanci nasu ba. Ni kaina na taɓa sayar wa wani dillali aikin da na yi wata biyu a kansa, bayan shekara guda na tarar da shi a zauren wani otal, aka gaya mini an saye shi ninki huɗu na abin da aka ba ni. Abin da ya ƙaru a kansa shi ne firam mai tsada da bakin dillalin da ya san wanda zai kira. Ya yi mini ciwo a lokacin, amma ya koya mini cewa sanin mutane sana'a ce dabam da sanin launi, kuma kasuwa ta fi biyan ta farkon.

Ga wanda yake tunanin saye a cikinmu, shawarata kada ya saya da niyyar jari, domin mafi yawan zane-zane ba sa mayar da kuɗinsu idan aka zo sayarwa, kuma ana cire la'adar dillali ko ta gidan gwanjo. Ya je baje kolin ɗaliban da ke kammala karatun zane a Zariya, ko wuraren baje koli a Abuja da Legas, ya tsaya a gaban aiki aƙalla minti goma, ya matsa kusa ya ga tafiyar buroshi, ya ja da baya ya ga yadda filin ya zauna, ya tafi gida, idan washegari aikin yana ransa sai ya koma ya yi ciniki. Ya karɓi rasit da takardar shaida mai sa hannun mai zanen, a rubuta shekara da girma da irin fentin, kada kuma ya rataye shi inda rana take bugawa ko bangon da yake tsatsafo da damina. Ɗanka kuwa, Malam, tunda ka ambace shi, ka saya masa takarda mai kauri da fentin ruwa ja da shuɗi da rawaya, ka bar shi ya haɗa su da kansa, ka riƙa rubuta kwanan wata a bayan kowace takarda. Idan ka tara na wata shida ka ɗoro mana su a nan, zan duba in gaya maka abin da na gani.