Jadawalin abinci ko rage ci kawai?

'Yar uwa, kin ce kina zaune a ƙauye wajen Ringim, jikinki ya yi nauyi bayan haihuwa, kina tambayar ko ki bi jadawalin abinci mai tsauri ko ki ci abin da aka dafa ki dinga ragewa.

Ni dai na fi ba ki shawarar na biyu. Gidan da tukunya ɗaya ake ɗorawa, kuma tuwon dawa ne da miyar kuka kusan kullum, wa zai ware miki dafaffen ƙwai da kokwamba safe da yamma? Jadawalin zai yi aiki na ɗan lokaci, ranar biki ko suna sai ya watse.

Amma sassauci ma yana da ƙa'ida. Ki zuba naki a ƙaramin kwano, kada ki ci a cikin taro inda ba kya sanin adadin lomarki. Malmala biyu ta koma ɗaya, ki cike gurbin da kwaɗon zogale, rama ko wake. Ki kula da man gyaɗa sosai, cokali ɗaya babba ya kai kalori 120 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Lemon kwalba na 50cl kuwa sukarinsa ya kai cokalin shayi 12, ki bar shi gaba ɗaya. Fura ki sha ba sukari.

Rage rabin kilo zuwa kilo 1 na nauyin jikinki a mako ya isa. In kina shayarwa ko kina da ciwon sukari, don Allah ki fara zuwa asibitin sha-ka-tafi a auna ki kafin ki taɓa abincinki.