Tambaya da Amsa: In na zaɓi ƙaramar jam'iyya na ci amana?

Tambaya: Malam don Allah, shekara goma sha biyu ina da katin jam'iyyarmu, amma ɗan takaran da suka tsayar wallahi raina bai kwanta da shi ba, ni wani na ƙaramar jam'iyya nake so, abokaina kuma sai cewa suke zan yi asarar ƙuri'a kuma zan ci amana. Ya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, ƙuri'arka taka ce, kati ba rantsuwa bane. Cin amana shine ka karɓi muƙami ko kuɗin kamfen ɗin jam'iyya, kana zama taronsu da rana, da dare kana yi wa wani aiki. In dai kai mamba ne kawai toh ba komai a wuyanka.

Amma maganar abokanka ma ba ta banza bace. A zaɓen Amurka na 2000 Bush ya ci jihar Florida da ratar ƙuri'a 537 kacal, alhali Ralph Nader na ƙaramar jam'iyyar Green ya kwashi sama da dubu 97 a jihar, har yau magoya bayan Al Gore, wanda Bush ya kayar, na ganin laifin Nader ne da ya raba musu ƙuri'a. Inda mai rinjaye ke cinye komai a zagaye ɗaya haka abin yake, ba kamar Faransa ba da ake zagaye na biyu.

Don haka ka duba mazaɓarku tukuna, in ratar manyan biyun ƴar kaɗan ce kuma akwai wanda kake tsoron ya hau, ka yi lissafi sosai kafin ka dangwala. In ratar da faɗi, ni dai zan ce ka bi ranka, ka kuma fito ka faɗa wa shugabannin gundumarku dalilinka.