Fili a kan tsohon layin dogo na Nkongsamba: a saya ko a bari?

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Ngaundere, a ƙasar Kamaru. Wani dillali ya yi mini tayin fili mai araha a garin Loum, a kan tsohon layin dogo, yana cewa jirgi ya daina bi tuntuni. Hankalina bai kwanta ba, domin kuɗin na marayun yayana ne.

Amsa: Alhaji, Allah ya saka da riƙon amana. Kada ka ba da ko sisi.

Jamusawa ne suka kammala layin a 1911, kilomita 160 daga Bonaberi, a Duwala, zuwa Nkongsamba, da burin wata rana ya miƙe arewa har Tafkin Chadi. Hakan bai yiwu ba, sai a 1974 jirgi ya iso Ngaundere ta wajen Yawunde. Koko da ayaba da kofi na yankin Mungo ne suka riƙe layin. Da manyan motoci suka kwashe kaya ta kwalta, farashin kofi kuma ya karye a 1989, sai ɓangaren Mbanga zuwa Nkongsamba, inda Loum yake, ya mutu tun kafin kamfanin jiragen ƙasa na Camrail ya karɓi ragama a 1999.

Maganar da na gaji da ji ita ce wai layin da jirgi ya bari ba shi da mai shi. Wannan ƙarya ce, kuma dillalai sun san ƙarya ce. Dokar filayen hukuma ta 1974 ta sanya layin dogo da mita 35 a kowane gefensa cikin dukiyar jama'a, wadda ba a sayarwa, kuma daɗewar zama a kanta ba ta zama mallaka. Ko ciyawa ta rufe tasha, ko masu gwangwan sun kwashe ƙarafa, ko wani ya kafa rumfar ayaba a tsakiyar hanyar, matsayin filin bai sauya ba sai hukuma ta fitar da shi a rubuce. Takardar da dillali zai miƙo maka, mai hatimin mai unguwa da sa hannun shaidu, ba za ta tare katafila ba ranar rusau, kuma da wuya ka ga diyya. Abin takaici, har da ma'aikatan da suka san dokar ake buga wa irin waɗannan takardu hatimi.

Ka nemi takardar mallaka ta hukuma, ka kai lambarta ofishin filaye a Nkongsamba a duba, a kuma sa mai awon filaye na hukuma ya auna nisan filin daga tsakiyar tsohon layin. Idan dillalin ya fara cewa ana gaggawa, ka mayar da kuɗin marayu aljihu.