Amsa ga Hajiya kan fitsarin Baba da maganin jijiya

Assalamu alaikum jama'ar gurup. Hajiya, na saurari muryarki. Kin ce Baba mai ciwon suga ne, ƙafafunsa na zafi kamar ya taka garwashi, aka rubuta masa Laroxyl, yau sati biyu ke nan fitsari na ɗiga masa a wando, har ya daina zuwa masallaci. Allah ya ba shi lafiya. Don Allah kada a ce tsufa ne a ƙyale shi, maganin na iya jawo haka.

Laroxyl, wato amitriptyline, yana kwantar da zogin jijiya, amma yana kuma kashe wa tsokar mafitsara ƙarfin matsewa. Mafitsarar babba tana ɗaukar kamar ledar piya wata guda, wajen rabin lita. In ba ta matse ta juye duka ba, sai ta cika ta batse, rarar ta dinga ɗiga, kamar randar da aka cika aka ci gaba da zuba mata ruwa. Kin gane? Ido na ganin yoyo, alhali asalin matsalar riƙewa ce. Dattijon da prostat ɗinsa (wani ƙullu da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda hanyar fitsari ke ratsawa) ya kumbura shi ya fi saurin faɗawa ciki, ga suga ma na lalata jijiyoyin mafitsara. Ki tambaye shi a hankali, ko ki sa ɗansa namiji ya tambaye shi: yana daɗewa a tsugune kafin fitsarin ya zo? Yana fita siriri, yana yankewa? Bakinsa na bushewa, bayan gida ya yi tauri? In haka ne, zargin magani ya yi ƙarfi.

Masu shan Lyrica ko gabapentin, wato wasu magungunan zogin jijiya, nasu ya ɗan bambanta. Wani barci ne ke masa nauyi har fitsari ya kuɓuce. Wani ƙafa ke kumbura da rana, in ya kwanta ruwan ya koma jini, ƙoda ta tace, sai ya kwana yana tashi. Tramol ma na riƙe fitsari.

To, abin yi. Gobe ki kai shi wurin likitan da ya rubuta, da kwalin kowane magani da yake sha, har na mura, domin wasu magungunan mura na ƙara ɗaure fitsari. In Laroxyl ɗin na ɗigo ne, ɗigo ɗaya miligiram ɗaya ne, sai ki ƙirga nawa ake ɗiga masa da dare. Ana yawan farawa ne daga miligiram 10 zuwa 25, kuma hannu na zarcewa in ana ɗigawa a duhu. A roƙi hoton mara bayan ya gama fitsari don a ga abin da ya rage, a auna fitsarin ko da ƙwayar cuta, a duba suga da ƙoda. Likita ne zai rage ko ya canza. Kada ku yanke maganin rana ɗaya. Lyrica ma a hankali ake sauke shi, aƙalla cikin sati guda.

Kafin nan, ya riƙa zagayawa duk awa 3 ko bai ji ba. In ya gama, ya ɗan jira minti ɗaya ya sake gwadawa. Kada a hana shi ruwa da zafin nan na Maradi, a rage dai awa 2 kafin kwanciya, shayin dare kuma a ajiye shi tukuna.

Amma Hajiya, ki riƙe wannan da kyau. In ya kai awa 6 zuwa 8 fitsari ya ƙi fita, mara ta kumbura tana ciwo, a wuce babban asibiti ko da tsakar dare ne a sa masa roba a zuƙe, domin jinkiri na taɓa ƙoda. Haka in ga ciwon baya, tsakanin cinyoyi ya mutu ba ya ji, ƙafa ta rasa ƙarfi ko bayan gida na kuɓucewa, wannan na iya zama jijiyar ƙashin baya ce ta matsu, ba a kwana da ita a gida. Zazzaɓi ko ruɗewa ma haka, a tafi nan take.